Zafin man giya: abin da allurar gaban mota ba ta nuna wa mai jan kaya

Allurar zafi da ke gaban direba ruwan lagireto take aunawa, ba ruwanta da man giya. Mota mai giya otomatik za ta iya janyo tankin ruwa daga Katsina zuwa Mashi da tsakar ranar bazara, allura tana zaune daram a tsakiya, alhali man da ke cikin giyar ya haura digiri 120. Direba ba zai ji komai ba a ranar. Sai bayan wasu watanni motar ta fara jinkirin ɗaukar giya da safe, ko ta riƙa fizga tsakanin ta biyu da ta uku, a kai ta gareji a sauke kaskon giya, wato farantin ƙasa da mai ke taruwa a ciki, a tarar da mai ya yi baƙi yana ƙauri. A nan ne ake cewa giyar dama ba ta da kyau, ko wanda ya sayar da motar ya yi ha'inci. Sau da yawa zafi ne ya cinye ta sannu a hankali, kuma da an sa ido a kansa da ba a kai ga sayen wata giyar ba.

A Amurka da yawa daga masu manyan motocin nan da ake mayarwa ɗakin kwana, da masu jan tirela, sun daɗe da ɗaukar ma'aunin zafin giya a matsayin abin da ba a tafiya sai da shi. Mu a nan irin waɗancan motoci ba su da yawa, amma wahalar da muke ba namu ta kai tasu: Hilux da Prado masu jan janareto ko akwatin dawaki lokacin hawan Sallah, Sienna da Highlander da ake cika wa buhunan gero har baya ya zauna, bas da aka mayar asibitin tafi-da-gidanka tana shiga ƙauyukan Baure da Zango cikin rairayi. Ga kuma zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa.

Daga ina zafin yake fitowa

Mafi yawansa daga konbata ne, wato ƙullin ƙarfen nan mai kama da kabewa da ke tsakanin inji da giya. A cikinta babu haƙorin da ya kama haƙori. Fanka ɗaya ce inji ke juyawa, tana watsa mai da ƙarfi a kan wata fankar da ke haɗe da giya, man ne ke tura ta. Muddin ta wajen inji ta fi ta wajen giya gudu, bambancin nan zafi yake komawa, kuma man ne ke kwashe shi. Idan mota tana tsaye cikin D an take birki, ko tana fafutukar tashi da kaya mai nauyi, ko tayoyi sun nutse a rairayi ana ta ba ta wuta, kusan duk ƙarfin da inji ya bayar a cikin man yake ƙarewa. Shi ya sa littattafan gyara na kamfanoni, inda suka yi bayanin gwajin da ake take birki da totur lokaci guda, suke gargaɗin kada a wuce daƙiƙa 5 zuwa 10. Wanda ya kafe a rairayi ya yi minti uku yana danna totur har ƙasa ya yi wa giyarsa wannan gwajin ninki-ba-ninki.

Akwai kuloci a cikin konbata wanda ke kulle fankokin biyu su zama abu ɗaya idan mota ta miƙe a kan hanya da gudu daidai. Da ya kulle, zamewa ta ƙare, zafi ya fara sauka. Matsalar mai jan kaya ita ce nauyin yana hana wannan kulocin zama a kulle. A giya ta sama inji ba shi da isasshen ƙarfi, sai birenbos, wato kwamfutar motar, ya saki kulocin, ko ya sauko giya ɗaya, ya sake hawa, ya sake saukowa. Kowane canji faiba, wato faifan kulocin da ke cikin giya, tana ɗan zamewa kafin ta kama, kowace zamewa kuma ƙarin zafi ce. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da dogayen hawa irin na Jos ko Mambila, to amma iskar da ke bugun gaban doguwar tirela, da ramuka, da tsayawa a shingen bincike a sake tashi, da cunkoson shiga kasuwar Mai'adua ko ta Charanchi, duk aikinsu ɗaya ne a wajen konbata.

Man da ya yi zafi yana fita ta wani siririn bututu zuwa lagireto. A yawancin motoci akwai ƙaramin bututun sanyaya mai a cikin tankin ƙasa ko na gefen lagireto, ruwan inji ne ke kewaye da shi. Daga nan man ya koma giya ta bututu na biyu, ya shafe haƙora da bodin, ya zuba a kasko. Ka ga ke nan lafiyar giya tana rataye da lafiyar lagireto. Ruwan da ya riga ya yi zafi ba zai iya sanyaya komai ba.

Lambobin da ya kamata direba ya haddace

Man giya yana aikinsa yadda ake so tsakanin digiri 70 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos, idan a kasko aka auna. Daga 95 zuwa 105 ba abin tashin hankali ba ne ga motar da ke jan kaya da rana, muddin yana saukowa da an samu hanya mai kyau. Daga 110 zuwa sama a fara sassautawa. A 120 a nemi wurin tsayawa. Kamfanin Allison, wanda giyoyinsa ke cikin manyan motocin kwana da na ɗaukar kaya a Amurka, ya sa digiri 121 a matsayin iyakar zafin kasko, da 149 a matsayin iyakar man da ke fitowa daga konbata. Wasu sababbin giyoyi an ƙera su ne su yi aiki da ɗan zafi fiye da tsofaffi, saboda haka littafin motarka shi ne gaba da kowace magana.

Akwai tsohon lissafi da makanikan giya ke amfani da shi: daga digiri 80 zuwa sama, duk ƙarin digiri 10 ko 11 yana raba tsawon rayuwar mai gida biyu. An yi lissafin ne da man da, na yanzu ya fi juriya, amma hanyar lalacewar ba ta canza ba. Wajen digiri 115 mai yana fara barin wani danƙo mai launin ƙasa a jikin ƙarfe, wanda ke sa bawul-bawul da solonoid su riƙa maƙalewa. Wajen 125 robobin sil suna taurare, su daina riƙe matsin mai. Da matsi ya ragu faiba ba ta matsewa sosai, sai ta zame, zamewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara kashe sil. Idan aka kusanci 145 zuwa 150 faibar kanta ke ƙonewa.

A kula da ma'auni. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, da na'urorin da aka yi domin kasuwarsu, da Faranhait suke ƙirga. 176 a wurinsu shi ne 80 a wurinmu, 200 shi ne 93, 220 shi ne 104, 250 shi ne 121. Mutum ya ga 195 kada gabansa ya faɗi kafin ya duba harafin da ke gefen lambar.

Yadda za a ga zafin

Wasu motocin suna da fitila a gaban direba mai rubutun A/T OIL TEMP. Kada a dogara da ita. A wasu motocin Toyota sai mai ya kai wajen digiri 150 take kamawa, lokacin ɓarna ta riga ta fara. Amfaninta kawai ta ce maka tsaya yanzu.

Hanya mafi sauƙi, wadda ba a kwance ko noti ɗaya, ita ce ta sokat ɗin OBD2, mai ramuka 16, da ke ƙarƙashin sitiyari. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da shi, na Turai masu fetur daga 2001, masu dizal daga wajen 2004. Giyar da birenbos ke sarrafawa tana da sensar zafi a cikinta tun daga kamfani, abin da ya rage a karanto ta. Ana sayen ƙaramar na'urar ELM327 mai bulutut, a cusa a sokat, a haɗa da waya ta manhaja irin su Torque Pro ko Car Scanner ko OBD Fusion. Wanda ba ya son waya a gabansa yana iya sayen ScanGauge, ƙaramin allo ne da ake mannawa a kan dashbod.

Inda mutane ke karaya shi ne sun haɗa, sun ga zafin ruwa da gudun inji, amma babu zafin giya. Dalili kuwa, zafin giya ba ya cikin bayanan da doka ta tilasta wa kowane kamfani ya buɗe. Kowanne yana da lambarsa ta daban da ake tambayar birenbos da ita. A Toyota da yawa na wajen 2010 zuwa sama lambar 2182 ce, a motocin GM 221940, a Ford da yawa 221E1C. Car Scanner yana da jerin motoci a ciki, idan ka zaɓi taka daidai da shekararta yakan ɗora lambar da kansa. A Torque Pro kuwa sau da yawa sai an shigar da lambar da lissafinta da hannu. Kuma na'urorin ELM327 masu arha sosai da yawansu kwaikwayo ne, suna karanta bayanan gama-gari su kasa na kamfani. Kafin ka biya kuɗi a gwada a jikin motarka.

Ga yadda za ka tabbatar lambar da kake gani gaskiya ce. Da asuba, motar ta kwana ba a tayar ba, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Zafin ruwa, da zafin iskar da ke shiga inji, da zafin giya, dole su kasance kusa da juna, bambancin bai wuce digiri 2 ko 3 ba, kuma su yi daidai da sanyin garin. Idan ruwa ya nuna 26 giya ta nuna 60 ko ƙasa da sifili, lissafin da aka shigar ba na motarka ba ne. Wasu giyoyin Toyota suna ba da lamba biyu: ta farko ta kasko, ta biyu ta mafitar konbata. Ta biyun tana tashi da sauri tana sauka da sauri, ita ke nuna abin da ƙafarka ke yi a yanzu. Ta farkon tana tafiya a hankali, ita ke nuna halin da man gaba ɗaya yake ciki.

Motar da ta tsufa, ko wadda birenbos ɗinta ya ƙi ba da bayanin, sai a sa mata geji na daban. Abin da ake buƙata: geji mai faɗin milimita 52 wanda ke kaiwa aƙalla digiri 150, da sensar da ta zo tare da shi a kwali ɗaya, yawanci mai zaren 1/8 NPT, da waya, da fis mai amfiya 3, da abin da za a ɗaura sensar a jiki. Kada a haɗa gejin wani kamfani da sensar wani, domin kowanne da irin awonsa, za ka samu allura tana motsi amma ƙarya take yi. Kafin a ɗaura, a haɗa su da batir a tsoma kan sensar a ruwan da ke tafasa. Katsina tana kan tudu wajen mita 500 sama da teku, saboda haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 98. Idan geji ya nuna 85 ko 110, a mayar wa mai shago.

Wurin da aka ɗaura sensar shi ne rabin aikin, kuma a nan ake yawan gardama. A kasko za a iya hudawa a yi waldar ƙaramin noti a gefe, ba a ƙasa ba inda dutse zai fizge shi, kuma a ƙasa da inda mai ke tsayawa domin kan sensar ya kasance a nutse kullum. Dole a sauke kaskon kafin a huda, a wanke shi tas, a kuma duba ta ciki kada sensar ta taɓa filta. A bututun da ke fita zuwa lagireto kuwa ana yanka ne a sa mahaɗa mai baki uku, kusa da giya gwargwadon iko. Wannan wurin shi ke nuna mafi zafin man, yana iya ɗara na kasko da digiri 15 zuwa 30 idan ana jan kaya konbata ba ta kulle ba. Ga mai jan kaya na fi son wannan, domin yana gargaɗi tun da sauran lokaci, amma sai direba ya san cewa 115 a nan ba ɗaya ba ne da 115 a kasko. Akwai masu ɗaurawa a ramin gwajin matsi da ke jikin giya saboda sauƙi. Man da ke wurin ba ya gudana, zafin ƙarfen giya kawai za ka gani, kuma idan sensar ta cika tsawo tana iya taɓa abin da ke ciki. Bututun dawowa kuwa yana nuna man da aka riga aka sanyaya, lambarsa tana da daɗin gani amma ba ta kare kowa.

Gane bututun fita ba wuya. A tayar da inji yana sanyi, a take birki a sa D na ɗan lokaci, a mayar P, a taɓa bututun biyu. Wanda ya fara ɗumi shi ne na fita.

Wajen waya a ba rewaya mai natsuwa. Wutar geji ta fito daga layin da ke zuwa da makulli, ta bi ta fis. Sensa mai waya ɗaya ta jikinta take samun as, wato haɗuwa da ƙarfen bodi da ke cika zagayen wuta, to idan an ɗaura ta a mahaɗar da ke tsakanin tiyo biyu na roba, sai an ja waya daga mahaɗar zuwa bodi, in ba haka ba allura ba za ta motsa ba. Haka kuma idan aka naɗe zaren da farin tef mai yawa. A nisanta wayar daga salansa, a sa ta cikin rigar roba, a ɗaure ta kowane taƙi biyu.

Tuƙi da geji a gaba

Makon farko kada a ja komai, a dai lura. Nawa yake nunawa daga Ƙofar Ƙaura zuwa cikin gari da safe, nawa a kan hanyar Daura da gudun kilomita 90, nawa da azahar an kunna AC cikin cunkoso. A rubuta. Waɗannan lambobin su ne na motarka, kuma ranar da ka ga ta ɗara su da digiri 10 a hanya ɗaya da kaya ɗaya, wani abu ya canza ko da ba ta kai lambar haɗari ba.

Idan an ɗaura kaya, abu na farko a hana giya hawa ta ƙarshe. A tsofaffin motoci a danna maɓallin O/D ya nuna OFF. A masu giya biyar ko shida a mayar da hannun zuwa S a tsaya a 4. Mai maɓallin TOW/HAUL ya danna shi. Direbobi da yawa suna ƙin yin haka saboda ƙarar inji tana ƙaruwa, suna ganin fetur ake sha. Inji da ke juyi 2,800 a minti cikin giya ta huɗu konbata a kulle ya fi wa giya sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda ke juyi 2,000 a ta biyar konbata tana zamewa. Ƙarin juyin ma yana sa famfon giya da famfon ruwa su ƙara aiki. Za ka gane ta kulle idan ka ɗan ƙara totur allurar juyin inji ba ta yi tsalle ba sai dai ta tashi tare da gudun mota, kuma gejin zai tabbatar maka cikin minti biyu ko uku.

A rairayi, mai motar da ke ja da taya huɗu ya sa 4L, wato giyar ƙarfi, tun kafin ya shiga, ya rage iskar taya. Cikin 4H, wato giyar gudu, da kaya a baya, mota tana tafiyar kilomita 10 ko 15, konbata ce ke ɗauke da dukkan nauyin. Idan an kafe a sauka a haƙa, a sa itace ko tabarma, a cire tirelar idan ta kama. Jijjiga mota tsakanin D da R da ƙarfi yana dafa mai cikin mintuna kaɗan. Haka yin ribas da tirela mai nauyi a hankali a hankali, musamman a ɗan tudu, domin babu iskar da ke bugun lagireto. A dogon layin shinge ko gidan mai a mayar N ko P.

Idan geji ya kai 120 a kasko, ko fitila ta kama, a sauka gefen hanya, a sa P, a kashe AC, a buɗe bonet, a bar inji yana aiki. Kada a kashe. Famfon giya da inji yake juyawa, da ka kashe mai ya tsaya cak a cikin konbata da zafinsa. Ɗan ɗaga juyin zuwa 1,200 ko 1,500 yana taimakawa. A leƙa ƙarƙashi ko mai yana zuba, a duba ko fanka tana juyawa. Idan mai yana tsiyaya sosai, a nan ne kawai za a kashe nan take. A jira ya sauko ƙasa da 100 kafin a ci gaba, kuma kada a watsa wa giya ko inji ruwan sanyi.

Idan zafin ya ƙi sauka

Kafin a sayi komai a fara da abin da ke akwai. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari suna toshe tsakanin kwandensar AC da lagireto, wurin da ido ba ya gani sai an kwance. A wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. A duba fanka da rumfar robar da ke kewaye da ita, wadda ake yawan yarwa bayan gyara. A Hilux da Land Cruiser masu fankar da bel ke ja, kulocin fankar yana mutuwa a hankali, tana juyawa amma ba ta jan iska.

Sai wani abu da ya zama ruwan dare a garejinmu. Lagireto ya fashe, an samo na mota mai giyar hannu wanda ba shi da bututun mai a ciki, sai a ɗauki tiyo a haɗe bututun giya biyu da juna. Motar za ta tashi ta tafi lafiya lau, amma man yana zagayawa ne ba tare da abin da ke sanyaya shi ba. Duk wanda ya sayi mota ta hannu ya bi bututun nan biyu da ido ya ga inda suka ƙare. Zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji shi ma yana da nasa sharrin: tsatsa tana cin bututun man da ke ciki, ruwa ya shiga giya, mai ya koma kamar madara mai ruwan hoda. Ruwa yana ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfenta, kuma giyar da ta sha shi da wuya ta tsira.

Idan duk wannan lafiya yake kuma har yanzu ana wuce 105 a kai a kai, lokacin ƙara wa giya nata ƙaramin lagireto ya yi. Iri biyu aka fi samu: mai lanƙwasasshen bututu da fikafikai, da mai faranti-faranti a jere. Na biyun ya fi sanyayawa a girma ɗaya kuma ya fi jure dukan tsakuwa. A ɗaura shi a gaban kwandensa inda iska ke bugawa, a bar ɗan tazara, a riƙe shi da ƙarafa da noti. Igiyoyin robar nan da ake sokawa ta cikin fikafikan kwandensa ba su dace da hanyoyinmu ba, girgiza tana sa su yanke bututu. Tsarin haɗawa: daga giya zuwa lagireto, daga lagireto zuwa sabon, daga sabon a koma giya. Bakunansa su kalli gefe ko sama, idan gefe ne mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, domin iska kada ta maƙale a ciki.

Tiyo dole ya zama na man giya, mai faɗin bututun motar, yawanci milimita 8 ko 10. Tiyon fetur ko na ruwa yana kumbura ya fashe, kuma famfon giya yana iya zubar da man gaba ɗaya a kan titi cikin ƙanƙanin lokaci. Bakin bututun ƙarfe da aka yanka a ɗan buɗa shi ya yi leɓe, a sa kilif biyu a kowace mahaɗa, kada tiyo ya lanƙwashe ko ya gogi ƙarfe mai kaifi. Bayan an gama za a ƙara mai wajen rabin lita, gwargwadon girman abin da tsawon tiyo. A sake matse kilif bayan tafiyar farko.

Yawan man ma yana kawo zafi ta fuska biyu. Idan ya yi ƙasa famfo yana jan iska, idan ya yi yawa haƙora suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi ba ta kwashe zafi. Mai sandar awo ya auna a wuri mai daidai, bayan tafiya, inji yana aiki, an bi da hannun giya ta kowane matsayi an dawo P. Honda da yawa kuwa a kashe ake auna su, jim kaɗan bayan an tsaya. Giyoyin Toyota marasa sanda, masu shan man WS, ana daidaita su ne ta notin ambaliya da ke kasko, kuma sai man yana cikin wani ƙayyadadden zafi, wanda yake faɗawa tsakanin digiri 35 zuwa 55 gwargwadon irin giyar. A bazarar Katsina motar da ke ajiye a rana ta riga ta shiga wannan zangon tun ba a tayar da ita ba, minti kaɗan ta wuce shi. Aikin na sassafe ne, da na'urar karanta zafin giya a haɗe a sokat. Wanda ya buɗe notin man yana digiri 80 zai zubar da fiye da ƙima, domin mai yana kumbura da zafi, ya bar giyar da ƙarancin mai.

A zuba irin man da aka rubuta a littafi ko a jikin sanda: T-IV ko WS a Toyota, DW-1 a Honda, Dexron VI a GM, Mercon V ko LV a Ford, SP-III ko SP-IV a Hyundai da Kia. Jan launi ba shaida ba ne, kuma jabu ya yi yawa a kasuwa, saboda haka a saya a rufe daga wurin da aka yarda da shi. Kwance notin kasko yana fitar da lita 3 zuwa 4 ne kawai daga cikin 8 zuwa 11 da giyar ke ɗauka, sauran yana cikin konbata da bututu. Ga motar da ke jan kaya a wannan yanayi namu, ina ganin a yi hakan duk kilomita 40,000 zuwa 50,000, kuma duk ranar da geji ya daɗe sama da 125 a canza ba tare da jiran lissafin kilomita ba. A ɗiga man a farar takarda: ja ko ruwan ƙasa mai haske lafiya, baƙi mai ƙauri da ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe yana nufin a sauke kasko a duba.

Nauyin kansa a lissafa shi da gaskiya. Lita 1,000 ta ruwa kilo 1,000 ce, ban da tanki da ƙarfen tirela. Buhun masara goma tan guda ne. Tirelar da ba ta da birkin kanta, yawancin kamfanoni ba su yarda a ja fiye da kilo 750 ba, komai girman motar. Motoci masu giyar CVT kuwa, irin ƙananan Nissan da sababbin Corolla, ba a yi su domin wannan aiki ba.

Wanda ake ja shi ma yana da giya. Mota otomatik da ta mutu a hanya, idan aka ɗaura mata igiya aka ja ta daga Kankia zuwa Katsina tayoyinta a ƙasa, cikin giyar yana juyawa amma famfo ba ya aiki tunda inji a kashe yake, ko da an sa N. Babu mai da ke kaiwa ga bodin da haƙora, kuma babu gejin da zai nuna wannan zafin domin man ba ya zagayawa. A ɗora ta a kan babbar mota, ko a ɗaga tayoyin da ke ja, ko a kwance farfela idan mai jan baya ce.